Yauƙin da Ke Fin Ƙarfin Magani: Fangas, Robar Asibiti da Marasa Lafiya a Sakkwato

Ƙananan halittun da ido ba ya iya gani, waɗanda wasunsu ke haddasa cuta a jikin ɗan Adam, ba kasafai suke rayuwa ɗaiɗai suna yawo a cikin ruwa ko jini ba, domin akasarinsu sun fi son su sami abu mai tauri su manne masa, su hayayyafa a kansa, sannan su lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke fitarwa daga jikinsu. Wannan taron ƙwayoyi haɗe da yauƙin da ya rufe shi shi ne masana ke kira bayofim, wato shimfiɗa mai rai, kuma da wuya a sami gida a Sakkwato da ba a san shi ba, tunda santsin da ke kama cikin randa idan ta kwana biyu ba a wanke ta ba irinsa ne, haka ma dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori. Matan gida sun daɗe da sanin cewa ɗauraya ba ta fitar da santsin randa sai an sa soso an dirje, kuma irin wannan taurin kai ne likita ke fama da shi idan fangas ya yi shimfiɗa a kan robar da aka sa wa marar lafiya, sai dai a can ba randa ce ke ɓaci ba, rai ne ke cikin haɗari.

Fangas babban dangi ne na halittu da ya ƙunshi fumfunar da ke kama tuwon da ya kwana da hatsin da ya ji danshi a rumbu, da yis ɗin da ke kumbura ƙullun burodi da na fanke, da laimar kwaɗi da ke tsirowa da damina, kuma cikin nau'o'i kusan 150,000 da aka yi wa suna, 'yan ɗaruruwa ne kawai ke iya kama mutum. Abin da ya sa maganinsa ke da wuya shi ne, ta fuskar ginin ƙwayar halitta, fangas ya fi bakteriya kusanci da mutum nesa ba kusa ba, saboda haka sinadarin da zai illata shi yakan so ya taɓa jikin marar lafiyar shi ma. Shi ya sa magungunan da likita zai dogara da su idan fangas ya shiga jini ba su wuce gida uku ba. Gidan farko shi ne na amfoterisin B, wanda aka samo a shekarar 1955 daga wata bakteriyar ƙasa da aka ɗebo a yankin kogin Orinoko na ƙasar Benezuwela, kuma aikinsa shi ne ya kama agosterol, wani kitse da ke cikin fatar ƙwayar fangas, ya huda fatar, sai dai yana wahalar da ƙoda matuƙa. Nistatin da ake ɗiga wa jarirai a baki ɗan wannan gida ne. Na biyu shi ne gidan azol, inda fulukonazol yake, wanda ya shiga kasuwa a Amurka a 1990, kuma shi ne mafi arha da sauƙin samu, amma hana ƙera agosterol kawai yake yi, ya tsayar da girman ƙwayar ba tare da ya kashe ta ba. Na uku shi ne gidan ekinokandin, wanda kaspofunjin ya buɗe a 2001, yana hana ƙwayar gina bangonta na waje, ta jijiya ake ba da shi, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyalai.

Girman matsalar ya daɗe a ɓoye, domin mutumin da fangas ya ƙarasa yawanci yana ɗauke da wata cuta da ta fi suna, kamar kanjamau ko tarin fuka ko ciwon daji, sai a rubuta mutuwar da sunanta. A watan Oktoba na 2022 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin farko na nau'o'in fangas 19 da suka fi barazana, ta sa huɗu a sahun gaba, biyu daga cikinsu nau'o'in yis ɗin Kandida ne. A 2024 Farfesa David Denning na Jami'ar Manchester ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 6.5 ne fangas ke shiga cikin jikinsu duk shekara a duniya, miliyan 3.8 daga ciki suna mutuwa, kuma a cikin miliyan 2.5 fangas ɗin ne ainihin sanadi. Shekaru goma kafin nan, shi da Rita Oladele ta Jami'ar Legas sun ƙiyasta cewa kashi 11.8 cikin ɗari na 'yan Nijeriya na fama da cutar fangas mai tsanani kowace shekara, ciki har da yara fiye da miliyan 15 masu makero a ka, da mata kusan miliyan ɗaya da rabi da ƙaiƙayin gaba ke yi wa dawo-dawo.

Kandida wani yis ne da ke zaune lafiya lau a baki da hanji da gaban mutane da dama ba tare da ya cutar da su ba, muddin garkuwar jiki na nan da ƙarfinta, kuma bakteriyar da suke maƙwabtaka da shi na danne shi. Yana samun kafa ne idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kauce, kamar ga mai ciwon suga da sukarinsa ya hau, ko yaron da tamowa ta cinye, ko bakwaini, ko wanda aka daɗe ana ɗirka wa magungunan kashe bakteriya, kuma kafar tana ƙara faɗi idan aka sa wani baƙon abu a jiki. Baƙin abubuwan nan kuwa su ne kayan ceton rai na kowane asibiti a duniya: robar fitsari, da robar jijiya da ake ƙarin ruwa da jini ta cikinta, da doguwar robar da ake zurawa a babbar jijiyar wuya ko ta matsematsi domin wankin ƙoda, da robar ciyarwa ta hanci, da haƙoran roba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ke karɓar marasa lafiya daga jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara har da na Jamhuriyar Nijar, yana amfani da su kullum, haka Asibitin Ƙwararru, haka Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, inda ake gyara wa mata yoyon fitsari, aikin da ba ya warkewa sai an bar robar fitsari ta yi kwanaki a jiki. Duk yadda aikin asibiti ya ci gaba a birni, yawan robar da ke kwana a jikin mutane ƙaruwa yake yi, kuma fangas na bin ta.

Wanda ya fara lura da taurin irin wannan shimfiɗa wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, wanda a 1683 ya kankare dauɗar haƙorinsa ya duba ta da madubin da ya ƙera da hannunsa, ya kuma ga cewa ruwan tsamin da ya kuskure baki da shi ƙwayoyin da ke sama kawai ya kashe, bai ratsa cikin dauɗar ba. An yi kusan ƙarni uku ba a ɗauki zancen da muhimmanci ba, har sai da Bill Costerton ya farfaɗo da shi a 1978 game da bakteriya, sannan a 1994 Stephen Hawser da Julia Douglas na Jami'ar Glasgow suka nuna cewa Kandida ma yana yin haka a kan yankakkun robobin asibiti.

Yadda ginin ke tashi abu ne da aka bi awa bayan awa a ƙarƙashin madubi. Masu bincike a ɗakin gwajin Mahmoud Ghannoum da ke Cleveland sun bayyana a 2001 cewa a cikin awa 11 na farko ƙwayoyin Candida albicans, waɗanda suke zagayayyu kamar ƙwai, suna kama robar ne da wasu sinadarai masu danƙo da ke bayansu, kuma ruwan jiki ne da kansa ke share musu fage, tunda roba na shiga jijiya ko mafitsara sai furotin ya shafe ta. Daga awa 12 zuwa 30 sai wasu ƙwayoyin su sauya siffa, su miƙe su zama dogayen zare masu reshe da ke sarƙe juna, yauƙi ya fara bayyana a tsakaninsu, kuma kafin awa 72 ginin ya nuna: zagayayyun ƙwayoyi a ƙasa sun riƙe robar, zare a sama, yauƙi ya rufe komai, da ƙananan hanyoyin ruwa a ciki da abinci ke bi. Wato kwana uku sun isa. Daga nan shimfiɗar takan riƙa sakin sababbin ƙwayoyi daga samanta suna faɗawa cikin jini ko fitsari, kuma an gano cewa waɗannan da aka saki sun fi na yau da kullum iya mannewa da cutarwa, abin da ke bayyana dalilin da zazzaɓi ke sauka idan an fara magani, sannan ya dawo bayan kwana kaɗan kamar ba a yi komai ba.

Juriyar da wannan gini ke nunawa ba ƙarama ba ce, domin a gwaji an sha ganin cewa adadin fulukonazol da zai tsayar da ƙwayar da ke yawo ita kaɗai sai an ninka shi har sau 1,000 kafin ya taɓa wadda ke cikin shimfiɗa, adadin da babu jikin da zai iya ɗauka. Da farko an zaci kaurin yauƙin ne kawai ke hana magani ratsawa, amma abin ya fi haka dabara. Ayarin David Andes na Jami'ar Wisconsin ya tantance yauƙin a 2014 ya samu kashi 55 cikin ɗari furotin ne, kashi 25 dangin sukari, kashi 15 kitse, kashi 5 kuma sinadarin gado ne da ya fito daga ƙwayoyin, kuma a cikin dangin sukarin akwai wani mai suna gulukan wanda, haɗe da wani ɗan'uwansa, yake kama ƙwayoyin maganin ya riƙe su a waje kafin su kai ga fatar fangas. Maganin yana isa wurin, amma a ƙofa ake tare shi.

Tun kafin yauƙin ya taru ma akwai wata kariyar. Da zarar ƙwayar ta ji ta manne wa roba, cikin awowin farko, sai ta ƙara yawan wasu ƙananan famfuna da ke jikin fatarta, waɗanda aikinsu shi ne turo duk wani baƙon sinadari waje, kuma abin mamaki shi ne tana yin haka ko da ba ta taɓa haɗuwa da magani ba. Idan shimfiɗar ta tsufa kuma, ƙwayoyin da ke ciki sukan rage yawan agosterol a fatarsu, alhali shi ne abin da azol da amfoterisin suke nema. Sai kuma wata 'yar tsiraru, wajen ɗaya cikin ɗari, da Kim Lewis da abokan aikinsa suka bayyana a 2006, ƙwayoyin da ke shiga wani irin barci, ba sa girma ba sa rabuwa, don haka magani ya wuce su, kuma idan aka daina shan sa su farka su sake cika wurin. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne mayaƙan jiki, ba sa iya haɗiye gini mai wannan girma, kuma sau da yawa Kandida ba shi kaɗai yake zaune ba, bakteriya irin su Staphylococcus aureus na raɓuwa da zarensa, yauƙinsa ya kare su daga nasu maganin.

A nan akwai bambancin da ya kamata ma'aikacin lafiya da mai jinya su riƙe, domin rashin riƙe shi ne ke sa a zargi magani da cewa jabu ne, ko a ce ciwon ba na asibiti ba ne a kwashe marar lafiya a koma gida. Juriya iri biyu ce. Akwai ta gado, wadda ke rubuce a cikin ƙwayoyin halittar fangas, tana bin 'ya'ya da jikoki duk inda suka je, kamar ta Candida krusei da fulukonazol ba ya yi masa komai tun asali. Akwai kuma ta zama, wadda shimfiɗa ke bayarwa, kuma tana ƙarewa da zarar an raba ƙwayar da shimfiɗar. Shi ya sa ɗakin gwaji zai iya ɗaukar ƙwaya daga jinin marar lafiya, ya shuka ta, ya gwada ta, ya rubuta cewa fulukonazol na kama ta, kuma gaskiya ya faɗa, amma maganin ya gaza a jiki, saboda abin da aka gwada ƙwaya ce mai yawo, uwar cutar kuwa tana manne a roba. Haɗarin da ya fi wannan shi ne juriyar zama na iya haifar da ta gado, tunda ƙwayoyin da suka yi makonni suna samun ɗan abin da ya tsallake na magani, wanda bai isa ya kashe su ba, su ne suka fi samun damar sauyawa su zama masu juriya ta dindindin.

Saboda haka ƙa'idar jinyar ba ta da sarƙaƙiya a takarda. Jagorar da ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta fitar a 2016 ta ce idan an sami Kandida a jini a cire robar babbar jijiya da wuri matuƙar ana zaton ita ce tushen, a fara da ekinokandin, a ci gaba da magani har kwana 14 bayan gwajin jini ya nuna ya tsarkaka. Ekinokandin da amfoterisin da aka naɗe cikin kitse su ne tun 2002 aka nuna suna iya taɓa shimfiɗa, sai dai su ne kuma suka fi tsada da wuyar samu, ga shi ekinokandin ba ya isa cikin fitsari da yawa, don haka ba ya wani amfani a mafitsara. A gadon asibiti kuwa cire roba ba abu ne mai sauƙi ba. Ga mai wankin ƙoda, robar wuyansa ita ce hanyar rayuwarsa, sabuwa kuɗi ce da dangi za su haɗa, kuma jijiyoyin da za a sa ta ƙidayayyu ne. Ga bakwaini da jijiyarsa ba ta kai zare ba, sake nemo wata aiki ne na awowi. Robar ta zama ƙadangaren bakin tulu. Duk da haka, inda maganin da ke ratsa shimfiɗa ya fi ƙarfin aljihu, hana ta ginuwa ya fi muhimmanci fiye da inda yake a araha, kuma ta wannan fuska hujjar taƙaita kwanakin roba ta fi ƙarfi a Sakkwato fiye da Landan.

Hanyoyin hanawar kuwa na hannu ne. Robar fitsari ba a sa ta don sauƙin shimfiɗa ko don kada a riƙa tashi da dare, kuma ana cire ta ranar da buƙatarta ta ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawara a 2018 cewa bayan gyaran yoyon fitsari marar wahala kwana 7 zuwa 10 sun wadatar, maimakon mako biyu ko fiye da aka saba. A asibitocin ƙasar Hausa dangi ne ke kwana da marar lafiya, su ne ke juya shi, su ne sau da yawa ke zubar da fitsarin da ya taru, saboda haka ilmin kula da roba bai kamata ya tsaya ga malaman jinya ba. Jakar fitsari tana zama ƙasa da mafitsara don kada fitsarin ya koma ciki, ba a ajiye ta a daɓe, ba a raba ta da robar don a ɗauraye, kuma hannun da ya taɓa bakinta sai an wanke shi da sabulu kafin da bayan. Ganin Kandida a fitsarin mai roba wanda ba ya zazzaɓi ba ya jin zafi, yawanci ba dalilin ba da magani ba ne, domin sauya robar ko cire ta na kawar da shi a mutane da dama. Tsohon da ke kwana da haƙoran roba a baki kuma, har ganɗarsa ta yi ja tana raɗaɗi, ba zai warke da ɗigon nistatin ba sai yana cire su da dare yana goge su.

A wajen asibiti, inda aka fi ɓarnar waɗannan magunguna ƙalilan shi ne kantin kemis. Abin da mata ke kira sanyi ko infekshan, wato farin ruwa da ƙaiƙayi, yana da sanadi aƙalla uku da suka sha bamban: Kandida, da rikicewar bakteriyar gaba, da wata ƙwaya mai suna tirikomonas, kuma fulukonazol na farkon kawai yake yi wa aiki. Amma abin da aka saba shi ne a haɗa wa mace fulukonazol da magungunan bakteriya biyu ko uku ba tare da gwaji ba, alhali magungunan bakteriyar na kashe masu amfanin da ke danne Kandida, sai ƙaiƙayin ya dawo, a sake komawa kemis, a sake haɗawa. Kusan mata uku cikin huɗu kan yi ƙaiƙayin Kandida aƙalla sau ɗaya a rayuwa, kuma ƙwaya ɗaya mai miligiram 150 na isar yawancinsu. Wadda abin ke yi wa dawo-dawo sau uku ko huɗu a shekara gwajin suga da tantance nau'in ƙwayar take buƙata, domin shan azol a kai a kai yana share masu jin magani ya bar irin su Candida glabrata da ba sa jin sa sosai. Masana ba su gama daidaitawa ba kan ko Kandida na gina cikakkiyar shimfiɗa a fatar gaba, amma a kan robar tsarin iyali da ake sawa a mahaifa an tabbatar yana yi.

Makero ma, wanda ya yi katutu a kawunan almajirai da 'yan firamare, kuma askar wanzami da injin aski da hular aro ke yaɗawa, yana da nasa salon ɓuya, tunda fangas ɗin na shiga cikin gashi ne inda man shafawa ba ya kaiwa, sai an sha girisiyofulbin na mako shida zuwa takwas. Man shafawa mai haɗi uku da ya cika kasuwa, wanda ke ɗauke da maganin fangas da na bakteriya da sitiroyid mai ƙarfi, kuma wasu ke shafawa don hasken fata, yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu ta hanyar danne garkuwar fata, fangas ɗin kuwa ya ci gaba da bazuwa. A Indiya an danganta yawan amfani da irin wannan mai da ɓullar Trichophyton indotineae, wani makero da aka raɗa wa suna a 2020, wanda sau da yawa ba ya jin maganin tabinafin, kuma tuni ya tsallaka nahiyoyi.

Wanda ya haɗa juriyar gado da ta zama a jiki ɗaya shi ne Candida auris, wanda aka fara bayyanawa a 2009 daga kunnen wata tsohuwa a Japan. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na samfuransa ba sa jin fulukonazol, kimanin kashi 30 ba sa jin amfoterisin, wasu ƙalilan kuma sun gagari duka gidajen uku. Saɓanin 'yan'uwansa da ke zama a hanji, shi a fata yake zama, a hammata da matsematsi, kuma yana iya yin makonni da rai a kan busasshiyar roba. A sashen kulawa ta musamman na asibitin John Radcliffe da ke Oxford, tsakanin 2015 da 2017, ya kama mutum 70, kuma da aka bi diddigi sai aka tarar ma'aunin zafin jiki da ake sawa a hammata daga wannan gado zuwa wancan ne ke ɗauke da shi, duk da ana goge shi, har sai da aka daina amfani da ma'aunan sannan annobar ta lafa. Wasu magungunan goge-goge da asibitoci suka saba da su ba sa kashe shi, ruwan bilic mai kulorin ne ke yi. A 2022 Rita Oladele da abokan aikinta suka wallafa rahoton farko na samunsa a Nijeriya, a jikin mutum huɗu. Arturo Casadevall na Jami'ar Johns Hopkins ya kawo hasashe a 2019 cewa ɗumamar duniya ce ta horar da wannan yis, domin zafin jikin mutum na digiri 37 shi ne shingen da ke hana yawancin fangas kama shi, shi kuwa wannan yana girma har a digiri 42. Hasashe ne da ba a tabbatar ba, amma ya cancanci a kula da shi a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40 a watan Afrilu.

Wata shimfiɗar kuma a huhu take. Tarin fuka yakan bar kogo a huhu bayan ya warke, kuma Aspergillus, fumfunar da irinta ke tashi a ƙurar rumbu da ta masussuka, yana iya sauka a kogon ya dunƙule ya zama curi, mai shi ya riƙa tari da jini yana ramewa. Wani bincike a Nijeriya a 2017 ya sami wannan cuta a kashi 8.7 cikin ɗari na waɗanda ake yi wa maganin tarin fuka ba tare da an ga ƙwayarsa a majina ba, ko waɗanda maganin ya ƙi yi musu aiki, mutanen da sau da yawa ake sake ɗora wa wasu watanni shida na maganin da ba nasu ba.

Game da neman magani daga itatuwa kuwa, jami'o'in Arewa sun yi gwaje-gwaje da dama a kan bagaruwa da dogon yaro da tafarnuwa da kanumfari, kuma ruwan wasunsu na hana Kandida tsirowa a farantin gwaji. Wannan mafari ne mai kyau, amma farantin ƙwaya mai yawo yake aunawa, wadda fulukonazol ma ke kamawa. Tambayar da ta fi amfani ita ce ko suna ratsa shimfiɗar da ta kwana uku a kan yankin roba, gwajin da ba ya buƙatar na'ura mai tsada, kuma ɗalibin digiri na biyu zai iya yin sa.

Ɗakin gwaji ne ginshiƙin duk wannan. Hanyar da aka saba ita ce a shuka samfuri a farantin Sabouraud, idan fararen ɗigo masu santsi sun fito a ɗauki ɗaya a sa a ruwan jini na awa biyu zuwa uku, in ya fitar da ɗan tsiro a ce Candida albicans ne, in bai fitar ba a rubuta Kandida kawai. A cikin wannan rukuni na biyu ne masu juriya suke ɓuya, kuma Candida auris yakan ruɗi har kayan gwajin zamani su kira shi Candida haemulonii, sai an kai ga na'urar da ke tantance furotin ko gwajin ƙwayoyin gado. Shukar jini kanta kusan rabin masu cutar kawai take kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da Kandidan jini cikin tsarinta na sa ido kan juriyar magani a 2019, Nijeriya kuma ta ƙaddamar da shirinta na biyu na yaƙi da wannan juriya, na 2024 zuwa 2028, amma hankali da kuɗi a irin waɗannan shirye-shirye bakteriya suka fi karkata. Faranti mai launi da ke bambanta manyan nau'o'in Kandida cikin kwana biyu, da gwajin fulukonazol ga duk ƙwayar da aka samu a jini, da yarjejeniyar aika wadda ta ƙi ganuwa zuwa babban ɗakin gwaji, abubuwa ne da ba su fi ƙarfin asibitin koyarwa ba, kuma Sakkwato na da dalili na musamman na yin su, tunda marasa lafiyarta na zuwa daga jihohi uku da kuma Birnin Ƙonni ta hanyar Illela, kuma can suke komawa da duk abin da ya manne a fatarsu.